Waye ke zaɓar ɗan takarar shugaban Amurka: jam'iyya, ko irin mutanen da ke jihar?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga wata magana da nake so mu tattauna a tsanake. A watan Fabrairun 2020 a zaɓen fidda gwani na Dimokurat, Joe Biden ya zo na huɗu a Ayowa, ya zo na biyar a Niyu Hamsha, ya zo na biyu a Nebada da tazara mai faɗi tsakaninsa da Bernie Sanders. 'Yan jarida da dama sun riga sun yi masa jana'iza. Ranar 29 ga watan aka yi zaɓen Karolina ta Kudu, ya samu kashi 48 cikin ɗari, Sanders ya samu kashi 20. Bayan kwana uku, ranar Babbar Talata, wato ranar da jihohi da yawa ke zaɓe tare, ya lashe jihohi 10 cikin 14. Mutumin bai canja ba, manufofinsa ba su canja ba, kuɗin kamfe ma ba shi da su sosai a lokacin. Abin da ya canja shi ne mutanen da ke kaɗa ƙuri'ar. A Ayowa da Niyu Hamsha kusan tara cikin goma na masu zaɓen farar fata ne. A Karolina ta Kudu fiye da rabin waɗanda suka fito zaɓen Dimokurat baƙar fata ne, kuma shida cikin goma nasu Biden suka ba. Don haka ni a ganina, in ka ba ni bayanin launin fata, shekaru, ilimi da addinin masu zaɓe a jiha, zan faɗa maka wanda zai ci kafin a buɗe rumfa. Wanda yake da ja, bismillah.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Habu, alƙaluman da ka kawo daidai ne, amma akwai abin da ya kamata a fara warwarewa don kada masu karatu su ruɗe. Baƙar fata a Karolina ta Kudu kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na mutanen jihar. To ta yaya suka zama fiye da rabi a zaɓen? Saboda zaɓen fidda gwani ba na jiha gaba ɗaya ba ne, na waɗanda ke bin jam'iyya ne. Mafi yawan farar fatan jihar 'yan Rifablikan ne, ba sa shiga layin Dimokurat. Ragowar da suka rage a layin, baƙar fata ne suka fi yawa. Haka yake a Jojiya, Alabama, Misisipi da Luwiziyana. Wanda ya ɗauki ƙidayar jama'ar jiha ya ce da ita zai yi hasashe, ya ɓata tun daga tushe. Abin dubawa shi ne su wa ke cikin jam'iyyar a wannan jihar, sannan cikinsu su wa ke fitowa.

Sale: Ku yi haƙuri da tambayar ɗan koyo. Wai su ma deliget suke yi kamar namu, ko ƙato bayan ƙato ne?

Dakta Lawal: Sale, duka biyun ne aka haɗa. Talakawa ne ke kaɗa ƙuri'a jiha bayan jiha, daga farkon shekara zuwa Yuni, amma ƙuri'ar ba ta tafiya kai tsaye ga ɗan takara. Ana juya ta zuwa adadin wakilai, su kuma wakilan an ɗaure su da wanda aka zaɓe su dominsa, su je babban taron jam'iyya da bazara su tabbatar. A 2020 wakilan Dimokurat ɗaurarru 3,979 ne, ana buƙatar 1,991. A 2016 na Rifablikan 2,472 ne, ana buƙatar 1,237. Tsarin nan bai tsufa sosai ba. A 1968 Hubert Humphrey ya zama ɗan takarar Dimokurat ba tare da ya fafata a zaɓen fidda gwani ba, manya ne suka ɗora shi, aka yi tarzoma a taron Shikago. Bayan nan aka kafa kwamitin McGovern da Fraser, daga 1972 iko ya koma hannun masu ƙuri'a. Kafin wannan lokacin maganar da Malam Habu ya ɗauko ba ta ma taso ba, don gwamnoni da iyayen jam'iyya ne ke yanke hukunci.

Malama Zainab: Ni ina da ja, Malam Habu, kuma da hujja. Ɗauki Bajiniya ta Yamma. Farar fata ne kusan duka, masu aikin ƙarfi, yankin haƙar kwal, waɗanda suka yi digiri kaɗan ne. A 2008 sun ba Hillary Clinton kashi 67, Obama ya tashi da 26. A 2016 jihar nan dai, mutanen nan dai, suka juya mata baya, Sanders ya ci da kashi 51 ita tana da 36. In launi da aji ne ke yanke hukunci, me ya faru cikin shekara takwas? Sannan juya ta ɗaya gefen. A 2008 baƙar fatan Karolina ta Kudu kusan takwas cikin goma suka bi Obama suka bar Clinton. A 2016 su ne suka ba ta kashi 86 na ƙuri'unsu, ta ci jihar da kashi 73. Wato waɗanda suka kayar da ita a karon farko su ne suka ɗauke ta a karo na biyu, waɗanda suka ɗauke ta a karon farko kuma suka yar da ita. Rukunin mutane ba ya da ɗan takara na dindindin. Ya danganta da wa aka tsayar a gabansu.

Malam Habu: Malama, misalinki ai ni yake goya wa baya. A duka shekarun biyu rukunin ya tafi tare kamar garke. Ban ce zan faɗi wanda za su so tun shekara guda kafin zaɓe ba. Cewa na yi da zarar an yi jihohi huɗun farko, aka ga inda kowane rukuni ya karkata, sauran jihohin lissafi ne kawai. A 2016 bayan Karolina ta Kudu duk mai bibiya ya san Clinton za ta share Kudu kaf, kuma ta share. A Misisipi ta haura kashi 80.

Malama Zainab: To wannan ka sassauta, kuma a haka zan iya binka rabin hanya. Amma ko nan akwai tuntuɓe. Mishigan, 8 ga Maris 2016. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna Clinton na gaba da kusan kashi 20. Sanders ya ci da tazarar kashi ɗaya da ɗoriya. Dalilai uku aka gano. Na farko, zaɓen a buɗe yake, wanda ba ɗan jam'iyya ba zai iya shiga, kuma irin waɗannan kusan bakwai cikin goma Sanders suka ba. Na biyu, matasa sun fito fiye da yadda aka zata. Na uku, baƙar fatan Ditroit da Filint ba su yi irin na Kudu ba, rabon Sanders a cikinsu ya ninka abin da ya samu a Karolina ta Kudu. Su kuma masu binciken ba su da ma'auni mai kyau, domin zaɓen Mishigan na 2008 gurgu ne, sunan Obama ma ba ya kan takardar saboda rikicin jihar da uwar jam'iyya kan ranar zaɓe. Sun auna wanda zai fito da tsohon mudu mai huji.

Alhaji Isyaku: Ina bibiyar ku tun ɗazu. Ku duka kun tsallake wani abu da ni nake ganin ya fi kowanne nauyi, wato salon zaɓen kansa. Bari in bayyana yadda taron unguwa na Ayowa yake a ɓangaren Dimokurat har zuwa 2020, don a ga wa yake tacewa. Ƙarfe bakwai na dare, cikin hunturu, a wurare kusan 1,700: zauren makaranta, coci, ɗakin karatu. Ba ka jefa ƙuri'a ka tafi. Za ka tsaya a kusurwar ɗan takararka kowa yana ganinka, a ƙirga. Duk kusurwar da ba ta kai kashi 15 na mutanen ɗakin ba an rushe ta, mutanenta su koma wata kusurwa ko su tafi gida. A sake ƙirgawa. Abin yakan ci awa biyu ko fiye. To wa zai iya? Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare ba za ta iya ba. Mai goyo da babu wanda zai riƙe mata yaro ba za ta iya ba. Tsoho mai ciwon gwiwa ga ƙanƙara a hanya, da wuya. Wanda ke zuwa shi ne ɗalibin jami'a, ɗan gwagwarmaya, da wanda siyasa ta shiga jininsa. Hujja mafi tsafta ita ce jihar Washintan a 2016. An yi taron unguwa a Maris, Sanders ya samu kusan kashi 73. A Mayu aka yi zaɓen akwati wanda ba ya raba wakilai, mutanen da suka fito sun ninka na farko fiye da sau uku, Clinton ta ci. Nebraska ma haka aka yi a shekarar. Jiha ɗaya, jam'iyya ɗaya, 'yan takara ɗaya, sakamako biyu. Bayan 2016 jam'iyyar ta matsa wa jihohi su bar wannan salon, kuma hakan ya rage wa Sanders ƙarfi a 2020 tun kafin a fara.

Dakta Lawal: Alhaji ya taɓo jijiya. Ƙara da maganar buɗaɗɗen zaɓe da rufaffe. A Niyok a 2016, wanda yake da rajista a matsayin mara jam'iyya kuma yana son zaɓar Sanders ranar 19 ga Afrilu, sai in ya canja rajistarsa tun 9 ga Oktoban 2015, wata shida kafin nan, lokacin da mutane da yawa ba su ma fara sauraron kamfe ba. Clinton ta ci 58 da 42. A Niyu Hamsha kuwa kusan huɗu cikin goma na masu rajista ba su da jam'iyya, kuma suna da damar zaɓar layin da za su shiga ranar zaɓe. Su ne suka ba John McCain nasara kan George Bush a 2000 da tazarar kashi 18. Su ne suka ɗaga Nikki Haley zuwa kashi 43 a 2024, alhali cikin 'yan Rifablikan masu rajista Trump ya kwashi kusan uku cikin huɗu.

Sale: To a ɓangaren Rifablikan, tunda kusan duk farar fata ne, me ke raba su?

Hajiya Rabi: Addini da boko, Sale. A Ayowa kusan shida cikin goma na masu zuwa taron Rifablikan Kiristoci ne 'yan Ebanjelika, masu tsananin riƙo, waɗanda maganar zubar da ciki ke gaba da komai a wurinsu. Shi ya sa Mike Huckabee, wanda fasto ne, ya ci a 2008, Rick Santorum ya ci a 2012 da tazarar ƙuri'a 34 kacal, Ted Cruz ya ci a 2016. Cikin ukun nan babu wanda ya zama ɗan takara. Kusan mako guda bayan haka a je Niyu Hamsha, ɗaya daga jihohin da zuwa coci ya fi ƙaranci a ƙasar, sai McCain, Mitt Romney da Trump suka ci a waɗannan shekarun, kuma su ne suka kai bantensu. Amma ga inda abin ya ba masana mamaki. Cruz ya gina dabararsa kaf a kan cewa Kudu cike take da 'yan Ebanjelika, don haka tasa ce. A Karolina ta Kudu sun kai bakwai cikin goma na masu zaɓen, sai ga Trump, mai aure uku, ya fi shi samun ƙuri'unsu. Da aka bincika sai aka ga sunan ya haɗa mutane iri biyu: mai zuwa coci kowace Lahadi, wanda ya fi karkata ga Cruz, da mai amsa sunan kawai wanda hankalinsa ya fi tafiya ga baƙin haure da rufewar masana'antu. Inda addini ya yi aiki tsantsa shi ne Yuta, jihar 'yan ɗarikar Momon. Can Cruz ya samu kashi 69 ya kwashe wakilai 40 duka, Trump ya zo na uku da kashi 14.

Malam Habu: Ilimin kuma shi ne layin da ya fi tsayawa daram tun 2016. Duk gundumar da masu digiri suka yi yawa, nan abokan hamayyar Trump ke samun numfashi. Haley wuri biyu kawai ta ci a 2024: birnin Washintan da Bamont. Ɗaya cike yake da ma'aikatan gwamnati da lauyoyi, ɗayan kuma buɗaɗɗen zaɓe ne a jihar da ta fi karkata hagu. A jiharta ta haihuwa, Karolina ta Kudu, inda ta yi gwamna, ta sha kaye 60 da 40, amma ta ci yankin Calston da Kolombiya inda 'yan boko suke. Ka ga ko a gida, taswirar boko ta fi taswirar zumunci ƙarfi.

Dakta Lawal: Yanzu bari in shigo da lissafin wakilai, domin a nan ne yawan mutane ke zama iko ko ya tashi a banza.

Dimokurat suna rabo gwargwadon ƙuri'a, amma sai ka kai kashi 15, kuma mafi yawan wakilan a matakin mazaɓar majalisar wakilai ake raba su, ba a jiha dunƙule ba. A ce mazaɓa tana da wakilai 6. Ɗan takara na ɗaya ya samu kashi 50, na biyu 30, na uku 12, na huɗu 8. Za a zubar da na uku da na huɗu. Saura 80. Na ɗaya yana da 50 cikin 80, wato kashi 62.5, a ninka da 6 ya ba da 3.75. Na biyu 2.25. Sakamako 4 da 2. Mutum ashirin cikin kowane ɗari sun tashi ba wakili ko ɗaya. Wannan ne ya sa tarwatsewar rukuni guda tsakanin 'yan takara da yawa ke kashe shi.

Sai maganar mazaɓa mai adadin da ke rabuwa biyu da wadda ba ta rabuwa. In wakilai 4 ne tsakanin mutum biyu, sai ka haura kashi 62.5 kafin ka samu 3 da 1, in ba haka ba 2 da 2 ne ko da ka ci da tazarar kashi 20. In 6 ne sai ka haura 58.3. In 5 ne kuwa, ƙuri'a ɗaya tak ta ba ka 3 da 2. Masu tsara kamfe na gaske da wannan jadawalin suke yanke inda za su kai motar kamfe da kuɗin talla.

Abu na uku, ba a ba mazaɓu wakilai daidai wa daida. Wadda ta fi ba Dimokurat ƙuri'a a manyan zaɓukan baya ta fi samu. Mazaɓun da baƙar fata suka fi yawa su ne suka fi kowa biyayya ga jam'iyyar, don haka suna da wakilai fiye da mazaɓar karkara mai yawan jama'a iri ɗaya. Ga su kuma sukan ba mutum ɗaya da tazara mai faɗi. Riba biyu ke nan. Ƙaramar nasara a babbar jiha ba ta kai babbar nasara a ƙaramar jiha ba. A Babbar Talatar 2008 Clinton ta ci Niyu Jazi da kusan kashi 10, ribarta wakilai 11. Obama ya ci taron unguwa na Aidaho, jihar da mutanenta ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na Niyu Jazi ba, da kusan kashi 80, ribarsa 12.

Alhaji Isyaku: A ƙara da cewa wannan tsarin ba daga sama ya faɗo ba. Jesse Jackson, baƙar fata ɗan gwagwarmayar kare haƙƙi, shi ne ya yi ta fama a kai. A 1984 ya samu kusan kashi 18 na ƙuri'u amma rabonsa na wakilai bai kai haka ba ko kusa, saboda shingen kashi 20 ne a lokacin kuma wasu jihohi na ba wanda ya ci ƙari. Aka sauke shingen zuwa 15, bayan 1988 kuma aka wajabta rabo gwargwado a ko'ina. Da tsarin ci-ka-kwashe ake yi a 2008, manyan jihohin da Clinton ta ci, Kalifoniya, Niyok, Ohayo, Fensilbeniya, da sun sauya labarin. Babbar Talatar ma 'yan Dimokurat farar fata na Kudu ne suka faɗaɗa ta a 1988 don su fitar da mai matsakaicin ra'ayi irin nasu. Sai Jackson ya ci jihohi biyar a Kudun a ranar, domin sun manta su wa suka rage a jam'iyyar tasu.

Dakta Lawal: Rifablikan kuma akasin haka. Kowace mazaɓa wakilai 3, ko 'yan jam'iyyar dubu ɗari ne a cikinta ko dubu ɗaya. Mazaɓar kudancin Buronks a Niyok, inda da ƙyar ake samun ɗan Rifablikan, wakilanta 3, daidai da mazaɓar karkarar Teksas da kusan kowa nasu ne. Sannan an yarda jihohi su ba wanda ya zo na ɗaya komai. Trump ya samu kashi 32 da rabi a Karolina ta Kudu a 2016, ya tafi da wakilai 50 cikin 50. A Fulorida ya kwashe 99 da kashi 46. Rukuni ɗaya mai haɗin kai, ko da kashi ɗaya cikin uku ne, ya isa ya ƙwace jam'iyya matuƙar sauran sun rabu gida huɗu.

Sale: Wannan na uku-uku ai kamar na APC ne a 2022, wakilai uku daga kowace ƙaramar hukuma.

Hajiya Rabi: Ta wannan fuskar sun yi kama. Kano mai ƙananan hukumomi 44 ta fi Bayelsa mai 8 nauyi, ba tare da duba yawan 'yan jam'iyya a cikin kowace ƙaramar hukuma ba. Bambancin shi ne wakilin Amurka ƙuri'ar talaka ce ta ɗaure shi, namu kuwa yawanci gwamna yake kallo. Shi ya sa janyewar Tambuwal a daren zaɓen PDP ta iya juya ƙuri'u nan take, Atiku ya samu 371, Wike 237. A can janyewa tana aiki ne ta hanyar masu zaɓe. Pete Buttigieg ya janye 1 ga Maris 2020, Amy Klobuchar 2 ga wata, magoya bayansu farar fata masu matsakaicin ra'ayi na unguwannin bayan gari suka haɗu da baƙar fatan Kudu a kan Biden. Minesota, inda Sanders ya ci da kashi 61 a taron unguwa na 2016, ta faɗa hannun Biden.

Malama Zainab: Ina so in koma kan kalmar garke da Malam Habu ya yi amfani da ita, don ba ta kwanta mini ba. A Karolina ta Kudu a 2020, baƙar fata 'yan ƙasa da shekara 30 kusan kankankan suka yi tsakanin Sanders da Biden. Dattawa ne, musamman mata masu zuwa coci, suka yi wa Biden ruwan ƙuri'u. Matsalar Sanders ita ce 'yan ƙasa da 30 kusan ɗaya cikin goma ne kawai na waɗanda suka fito. A Ayowa a 2016 ya samu kashi 84 na matasa, amma bai ci ba, don dattawa sun fi su fitowa. Kuma dattawan nan ba launi suke bi ido rufe ba. Kamala Harris da Cory Booker baƙar fata ne, dukansu sun janye kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya a 2020 saboda ba su samu karɓuwa a wurin waɗannan mutanen ba. A ƙarshen 2007 ma da yawa cikinsu suna tare da Clinton, sai da Obama ya ci Ayowa ranar 3 ga Janairu, suka ga farar fata za su iya zaɓarsa, sannan suka koma. Mutane ne da tarihi ya koya musu tsadar faɗuwa zaɓe, suna auna wa zai iya cin babban zaɓe, suna kuma sauraron wanda suka sani. Jim Clyburn, ɗan majalisa baƙar fata daga Karolina ta Kudu, ya mara wa Biden baya 26 ga Fabrairu, kwana uku kafin zaɓe, kuma kusan rabin masu zaɓen sun ce maganarsa ta yi tasiri a kansu. Wannan lissafi ne da hankali, ba bin garke ba.

Malam Habu: Na janye kalmar, Malama, ba ta dace ba. Amma ma'anar tana nan: in rukuni ya yanke shawara, yana yanke ta a Alabama kamar yadda ya yanke a Bajiniya.

Alhaji Isyaku: Ga baƙar fatan Kudu, eh. Ga 'yan asalin Latin Amurka, a'a sam. Ɗan asalin Meziko a Las Begas, ɗan Kuba a Mayami da ɗan Fato Riko a Niyok harshe kawai ya haɗa su. Sanders ya samu kusan rabin ƙuri'unsu a Nebada a 2020, ya ci Kalifoniya da taimakonsu. A Fulorida, bayan ya yaba wa shirin yaƙi da jahilci na Fidel Castro a wata hirar talabijin, ya tashi da kashi 23, Biden 62. Ko shugabanni ma ba kullum ake binsu ba. Ƙungiyar ma'aikatan otal da gidajen abinci ta Las Begas, mai mambobi kusan 60,000, ta mara wa Obama baya a 2008, amma Clinton ta ci mafi yawan rumfunan da aka kafa cikin otal-otal ɗin. A 2020 shugabanninta sun soki shirin inshorar lafiya na Sanders, ma'aikatan suka zaɓe shi.

Dakta Lawal: Gargaɗi kan alƙaluman da duk muke ta kawowa. Ƙuri'a a ɓoye take, babu wanda ya san launin mai ita. Abin da muke da shi tambayoyin bakin rumfa ne. In an tambayi mutum 1,000, kuskuren na iya kai kashi 3 sama ko ƙasa. In ƙaramin rukunin da kake dubawa mutum 200 ne cikinsu, kuskuren ya kai kashi 7, kuma ya fi haka in rukunin a 'yan unguwanni kaɗan yake zaune, domin rumfuna ƙalilan ake zaɓa. A Nebada a 2016 binciken ya ce Sanders ya ci 'yan Latin da tazarar kashi 8, alhali Clinton ce ta ci unguwannin da suka fi yawa a gundumar Kilak. Har yau ana gardama a kai. Hanyar da ta fi ita ce a haɗa binciken da sakamakon rumfa-rumfa. Sai kuma masu zaɓen wuri ta gidan waya, waɗanda dattawa suka fi yawa a cikinsu. A Kalifoniya da Teksas a 2020 mutane da yawa sun riga sun zaɓi Buttigieg ko Klobuchar kafin su janye, ƙuri'un suka tafi a banza.

Sale: Musulmi fa? Suna da wani tasiri?

Hajiya Rabi: A faɗin ƙasa kusan kashi ɗaya ne, amma inda suka taru a wuri ɗaya tsarin mazaɓa yana ba su murya. A Mishigan, 27 ga Fabrairun 2024, saboda yaƙin Gaza, fiye da mutum 100,000 suka zaɓi layin "ban ɗaure wa kowa ba" maimakon Biden. Kashi 13 ne a jihar, bai kai shinge ba. Amma a mazaɓu biyu, wadda ta haɗa Diyabon mai yawan Larabawa da wadda ta haɗa garin jami'a na An Abo, sun haura 15, suka samu wakilai 2. Mako guda bayan haka a Minesota, inda 'yan Somaliya suke da yawa, layin ya samu kusan kashi 19 da wakilai 11. Ba Musulmi kaɗai suka yi ba, ɗalibai da 'yan ra'ayin hagu sun shiga. A shekarar ne kuma Dimokurat suka cire Ayowa daga gaba suka sa Karolina ta Kudu ta fara, 3 ga Fabrairu, bisa buƙatar Biden, da hujjar cewa jihohi biyun farko ba su yi kama da jam'iyyar ba. Niyu Hamsha ta ƙi, domin dokarta ta ce sai ta riga kowace jiha mai irin zaɓenta da kwana bakwai, ta yi nata 23 ga Janairu, sunan Biden ba ya kan takarda, magoya bayansa da hannu suka rubuta shi ya ci.

Sale: To 'yan'uwanmu Hausawa da ke Buronks, 'yan Gana da 'yan Nijar, suna iya shiga?

Alhaji Isyaku: Sai wanda ya zama ɗan ƙasa. Katin zama na dindindin ba ya ba da damar zaɓe, kuma wanda ya yi rajista ba shi da takardar zama ɗan ƙasa ya jefa kansa cikin laifin da zai iya jawo a kore shi. Wanda ya cancanta kuma ya kula da gurbin jam'iyya a fom ɗin rajista. Niyok rufaffen zaɓe take yi, in ya bar gurbin fayau sai dai babban zaɓe na Nuwamba, ba zai taɓa takardar fidda gwani ba. Mai son canja jam'iyya yanzu wa'adinsa 14 ga Fabrairun shekarar zaɓen ne, an sassauta daga na Oktoban da Dakta ya ambata.